Sirdi Na Bakwai

Duk wanda ya shiga shagon Mai Hoto, kafin a ɗauke shi hoto sai ya sha labarin duwatsu. A bangon hagu akwai hotuna tara cikin firam, kowanne na dutse ne, kuma kowanne sunansa Dutsen Sirdi. Na farko shi ne na bayan garinsu, wanda ake hangowa daga ƙofar shagon: ƙololuwa biyu da lotsawa a tsakani, kamar sirdin da aka ɗora wa doki. Sauran takwas ɗin suna ƙasashen da bai taɓa takawa ba. Wani ƙanƙara ta rufe masa kai, wani a tsibiri yake teku ta kewaye shi, wani kuwa ja ne wur babu ko tsiro a jikinsa. Mutanen kowace ƙasa sun ɗaga kai sun dubi nasu, sun ga sirdi, sun raɗa masa suna da harshensu, ba su san akwai wasu ba.

"Ka ga ikon Allah," in ji Mai Hoto, yana gyara wa mutum wuyan riga. "Ba su san juna ba, amma idonsu ɗaya. Ɗaga haɓa kaɗan. Kada ka ƙifta."

Abin ya samo asali ne shekara goma da suka wuce, da wani baƙo ya shigo ɗaukar hoto, ya tambayi sunan dutsen, ya yi dariya ya ce su ma suna da irinsa. Daga nan Mai Hoto ya shiga nema. Sai dai karatunsa a aji shida ya tsaya, harshen boko kuwa in ya wuce suna da lamba to ya fi ƙarfinsa. Saboda haka 'yarsa ce ta zama bakinsa. Yana faɗa tana rubutawa, a aika wa masu hoto na garuruwan da ke gindin waɗannan duwatsu, in amsa ta zo ta karanta masa. Ƙiftau yake ce mata, domin tun tana zanin goyo bai taɓa ɗaukar ta hoto ba ta ƙifta ido ba sai an sake sau uku. Ita kaɗai Allah ya bar musu shi da matarsa, yanzu shekararta ashirin da ɗaya.

Cikin masu hoton nan takwas, yawanci sun aiko hoto ɗaya sun yi shiru. Wani tsoho ne kawai ya riƙe zumunci, mai hoton da ke gindin dutse na bakwai, wanda ƙanƙara ta rufe wa kai. Ba ya son waya, sai takarda da ambulan. Mai Hoto bai taɓa jin muryarsa ba, amma in ana lissafin aminai, da Tsohon Na Bakwai yake farawa.

Wata ranar Laraba da hantsi takardar wanke hoto ta ƙare masa, ga mutum uku suna jira. Dole ta sa ya tsallaka titi wajen abokin sana'arsa da suke kallon juna shekara da shekaru, wanda kowa ke kira Na Tsallake.

"Yau rana ta ina ta fito? Babban maigida da kansa a shagonmu na yara," in ji Na Tsallake. "Ko ka zo a ɗauke ka ne, ka ga yadda ake hoto na zamani?"

"In na zauna gaban injinka ai sai iyalina su kasa gane ni. Ara mini takarda fakiti ɗaya, gobe tawa za ta iso."

Na Tsallake ya jawo aljihun tebur yana laluben takarda, sai ya ci karo da wata ƙaramar leda.

"Af, ga ragowar hotunan 'yarka, guda huɗu. Wata biyar ke nan ba ta dawo ta karɓa ba. Ka gani, ofishin fasfo ba su yi mata gardama ba ko kaɗan. Yaushe ne tafiyar ma? Baffanta ya ce mini ƙarshen watan nan."

Mai Hoto ya karɓi ledar. Ƙiftau ce, da farin mayafi, a gaban farin bangon wani. Fitila ta yi mata yawa a goshi, akwai inuwa a ƙarƙashin haɓa, abin da shi ba zai taɓa bari ya fita daga shagonsa ba. Idanunta a buɗe tar.

"Sau nawa ka ɗauka?" Abin da ya iya tambaya ke nan.

"Sau ɗaya mana. Yarinyar ai ta iya zama." Na Tsallake ya dube shi, dariyar ta ɗauke daga fuskarsa. "Maigida, ba dai ba ka sani ba?"

"Na sani," in ji Mai Hoto. Ya ɗauki takardar ya tsallaka titi, har wani mai babur ya zage shi bai ji ba.

Ya sallami mutanensa uku, ba wanda ya ji labarin dutse. Sannan ya sauke ƙofar shagon rabi, ya ɗauko gwangwanin alewa da yake tara wasiƙun Tsohon Na Bakwai a ciki. Ya baje su kan tebur. Ba zai iya karantawa ba, amma mutumin da ya shekara talatin yana auna faɗin fuska da ido ya san tsawo da gajarta. Wasiƙun farko shafi ɗaya ne. Na shekara uku da suka wuce zuwa yau shafi biyu ne, wasu uku, ciki da baya. Ya tuna yadda Ƙiftau ke tsayawa a bakin tebur ɗin nan ta karanta shafi uku cikin minti guda.

"Me ya ce kuma?" yakan tambaya.

"Gaisuwa ce, Baba. Yana tambayar lafiyar iyali, ya ce sanyi ya yi yawa bana."

Shi kuma sai ya yi dariya ya ce tsohon nan akwai surutu.

Ya kwashi wasiƙun ya nufi kemis ɗin da ke kan kwana. Mai Kemis mutum ne mai karatu, kuma ba ya ɗaukar maganar wani ya kai wa wani. Ya sa tabarau ya fara da ta ƙarshe, ya karanta layi biyu a zuci, ya tsaya.

"Wannan ai maganar gida ce. Ka tabbata ni kake so in karanta?"

"Karanta duka. Kada ka tsallake ko wasali."

Mai Kemis ya karanta, yana juyawa da harshensu. Tsohon ya ce makarantar koyon awon ƙasa da sanin duwatsu da ke garinsu ta aiko da takardar ƙarshe, karatun shekara huɗu ne. Ya ce ɗakin 'yarsu da ta yi aure yana nan an share, matarsa ta wanke labule ta sayi bargo mai kauri. Zai je filin jirgi da kansa ranar ashirin da takwas ga wata. Daga nan Mai Kemis ya rage murya.

"Ya ce: Abokina, na san ba ƙaramin abu ba ne uba ya saki 'yarsa tilo. Da ba ka amince da bakinka ba, da ban sa hannu a wannan al'amari ba, domin ni ma uba ne. Maganar da ka rubuto mini ta sa matata hawaye."

"Wace magana na rubuto?"

Mai Kemis ya bi layin da yatsa. "Ya maimaita ta a nan. Wai ka ce: Ga idona nan na ba ka amana, ni zan zauna da duhu har ta dawo."

Mai Hoto ya dafa kantar kemis ɗin. Abin da ya fi ci masa rai shi ne maganar ta yi kama da tasa. Da a ce ya amince, haka zai faɗa, ba ƙari ba ragi. Shekara goma tana rubuta bakinsa, ta haddace shi har ta iya yin sa ba shi.

"Sha ruwa," in ji Mai Kemis.

"Ba ƙishi nake ji ba. In na rubuta wa tsohon nan na ce ban sani ba, me zai faru?"

"Yadda na ga maganarsa, zai janye. Makarantar kuma da sunansa ta karɓe ta, shi ne mai masauki. In ya janye, tafiya ta fasu."

"To," in ji Mai Hoto. Ya mayar da wasiƙun gwangwani.

Bai taɓa komawa gida kafin la'asar ba sai ran nan. Ya tarar da matarsa a tsakar gida tana guga, ga wata rigar sanyi mai kauri da bai taɓa gani ba a kan tebur. Ƙanensa, direban babbar mota, wanda Ƙiftau ke kira Baffa, yana zaune kan benci da kofin shayi. Matar ta yi wuf za ta jefa zani a kan rigar.

"Bar ta ta sha iska," in ji shi. "Can inda za ta ba ta samun rana."

Ya ajiye ledar hotunan a kan teburin gugar.

"Yaya, zauna mu yi magana," in ji ƙanen.

"A gidana kake ba ni wurin zama? Wa ya sa hannu a wurin uba?"

"Ni ne. Takardar ta ce uba ko waliyyi."

"Na mutu ke nan ban sani ba. Ai da kun gaya mini na zo jana'iza."

"Subhanallahi, Yaya."

"Ni na goya ka zuwa makaranta, ka tuna? Ni na koya maka riƙe alƙalami. Ashe hannun da zai sa mini hannu a bayan idona nake gyarawa." Ya juya ga matarsa. "Ke kuma, Maman Ƙiftau, shekara ashirin da huɗu muna tare. Kullum in na dawo sai in ce me ya faru a gida, ki ce lafiya lau."

Ta ajiye dutsen gugar a tsaye. Ba ta sunkuyar da kai ba, abin da ya ƙara ba shi mamaki.

"Malam, za mu gaya maka."

"Yaushe? In jirgi ya tashi?"

"Wannan Juma'ar. Mun ce sai komai ya kammala, yadda ba za a iya warwarewa ba." Ta ja numfashi. "Shekara uku da suka wuce ta sami makaranta a babban birni, tafiyar awa huɗu kacal. Ka ce ka yarda. Aka ɗinka kaya, aka sayi akwati. Ana gobe tafiya ka ce ka ji an yi haɗari a hanyar, ka ɗauki takardar makarantar ka kulle a shago. Yarinyar nan wata biyu ba ta ci abinci ya kai cikinta ba. Ka manta?"

"Tsoro na ji mata."

"Na sani. In ta yi minti goma ba ta dawo ba kana bakin titi. 'Yan ajinsu duka sun hau dutsen nan na bayan gari, ita kaɗai ka hana. Kai kanka shekara hamsin kana kallon sa, ka taɓa hawa? Ka cika mata ido da duwatsun duniya tun tana 'yar shekara goma sha ɗaya, sannan ka ce iyakarta ƙofar shago."

Maganar ta same shi, domin gaskiya ce. Amma gaskiyar ba ta rage masa zafin ba ko kaɗan. Da sun zo su uku sun tsaya a gabansa sun yi masa wannan faɗan tun farko, da ya yi fushi, da wataƙila ya hana, da wataƙila ya sauko. Ba su ba shi wannan damar ba. Sun zauna sun auna shi, sun yanke cewa shi ba mutumin da za a yi shawara da shi ba ne, sai dai a zagaye shi kamar rami a hanya. Har Na Tsallake ya riga shi sani.

Ana cikin haka Ƙiftau ta yi sallama ta shigo. Ta ga ledar, ta ga gwangwanin a hammatarsa, ta tsaya cik a bakin ƙofa.

"Baba."

"Zo ki karanta mini wasiƙa," in ji shi, murya a kwance. "Ko ita ma gaisuwa ce?"

Ta durƙusa a inda take. "Baba, ka yafe mini. Na so in gaya maka sau ba adadi."

"Ba tafiyar nake tambaya ba. Idon da na ba da amana, yaushe na ba da shi?"

Hawaye suka zubo mata. "Ya ce ba zai karɓe ni ba sai ya ji daga bakinka. Na zauna na yi tunanin abin da za ka ce in da ka yarda."

"Kin kuwa iya. Har matar mutane ta yi kuka." Ya gyara riƙon gwangwanin. "Mutum ɗaya nake da shi a duniya da nake ce wa aboki ban taɓa ganin sa ba. Ashe shekara uku ba da ni yake magana ba."

"Yaya, ka yi wa Allah kada ka rubuta masa," in ji ƙanen. "Wahalar yarinyar nan ta shekara uku ce."

"Ka ji tsoron alƙalami yanzu?" in ji Mai Hoto. Ya shige ɗaki ya turo ƙofa.

Kwana biyu bai yi wa kowa magana a gidan ba, ban da amsa gaisuwa. Ana kawo abinci ya ci, a kwashe kwano. Ranar Asabar da safe ya koma kemis da farar takarda da ambulan.

"Rubuta yadda na faɗa. In ka gyara mini magana Allah yana gani."

"Faɗi," in ji Mai Kemis.

"Abokina. Wannan ce wasiƙa ta farko cikin shekara uku da ta fito daga bakina duka. Ban san da maganar makaranta ba sai ranar Laraba. Maganar ido da amana ba ni na yi ta ba, 'yata ce ta yi ta da sunana, da sanin uwarta da ƙanena. Na gaya maka ne don ban iya cin amanar aboki ba, ko da ba da hannuna aka ci ba."

Mai Kemis ya ɗaga alƙalami yana jira. Ta tagar kemis ana hango Dutsen Sirdi, rana ta haske ƙololuwa ɗaya, ɗayar tana cikin inuwa. Mai Hoto ya daɗe yana kallon sa. Ya tuna wata biyun da matarsa ta ambata, yadda wuyan yarinyar ya rame har mayafi ya riƙa zame mata. A lokacin ya ga haka, ya ce zazzaɓi ne.

"Ci gaba," in ji Mai Hoto. "Duk da haka ka riƙe ta. Kada ka janye. Ba ta son sanyi, kuma in tana da damuwa ba ta faɗa, sai dai ka ga ta daina cin abinci. Abin da ta rubuta da sunana, yanzu na faɗe shi da bakina, amma ka sani ba da daɗin rai ba. Shi ke nan. Sa sunana, zan sa hannu da kaina."

Ya sa hannu a hankali, harafi bayan harafi, ya liƙe ambulan.

"In kai gidan waya?" in ji Mai Kemis.

"A'a. Akwai mai zuwa can."

Ranar ashirin da bakwai ga wata, da hantsi, Ƙiftau ta zo shagon. Ta tsaya a bakin teburin da ta saba tsayawa, ta rasa inda za ta sa hannunta. Tun ranar Larabar nan ba ta san matsayinta ba, uwarta dai ta ce ta ci gaba da haɗa kaya.

"Baba, gobe da safe Baffa zai kai ni filin jirgi. In ka ce kada in je, ba zan je ba."

"Yanzu ake tambaya ta?" Ya buɗe aljihun tebur ya miƙa mata ambulan. "Ki kai wa tsohon, hannu da hannu. In kin ga dama ki buɗe a hanya, in kin ga dama ki yar. Ba ni da hanyar sani. Kin fi ni sanin haka."

Ta karɓa da hannu biyu, ta juya shi, ta ga rubutun ba nata ba ne.

"Me ke ciki, Baba?"

"Gaisuwa ce," in ji shi. "Ina tambayar lafiyar iyali."

Ta sunkuyar da kai, ta sa ambulan a jaka, ta ja zif. Can ta dubi kujerar ɗaukar hoto da fitilu biyu da ke gefenta.

"Ba za ka ɗauke ni ko guda ɗaya ba kafin in tafi?"

"Ina da guda huɗu." Ya ɗauki tsumma yana goge gilashin kyamara, wanda ba shi da ko ƙura. "Allah ya kiyaye hanya. Allah ya ba da abin da aka je nema. Ki riƙa rufe wuyanki."

Ta jira ko zai ƙara wani abu. Bai ƙara ba. Da ta fita ya bi ta da ido har ta sha kwanar kemis, ƙafarsa ta kai bakin ƙofa kamar yadda ta saba, ya tsayar da ita a nan.

Bayan sati uku wasiƙa ta zo daga gindin dutse na bakwai, shafi biyu. Bai kai wa Mai Kemis ba tukuna. Ya sa ta a gwangwani a kan sauran. Ya ɗauko ɗaya daga hotunan Na Tsallake, mai inuwa a ƙarƙashin haɓa, ya soke shi a kusurwar firam na bakwai, a kan ƙanƙarar.

Da rana wata mata ta shigo ɗaukar hoton katin aiki. Tana gyara mayafi ta dubi bangon.

"Malam, waɗannan duwatsun fa? Na ga duk kamarsu ɗaya."

"Duwatsu ne," in ji Mai Hoto. "Zauna. Ɗaga haɓa kaɗan."